Ƙullin Alif da Rafi Na Bakwai

Duk wanda ya kira ni daga gida tambayarsa ɗaya ce: "Sale, yaya Amurka?" Ni ma amsata ɗaya ce: "Da godiya." To yau gwiwa ta hana ni fita, ga biro ga takarda, bari in buɗe abin da "da godiya" take rufewa. Aji huɗu na yi a firamare. Wanda ya ga rubutuna ya karkace, ya miƙe shi a ransa.

Ni ɗan garuwa ne, ubana ma ɗan garuwa ne. A wani ƙauye kusa da Haɗeja aka haife ni. Tun ban yi gemu ba nake ɗaukar gwangwani biyu da sanda daga kogi zuwa gidajen mutane, har yau in na tuɓe riga za ka ga kanta a kafaɗuna kamar gwiwar raƙumi. Na faɗi wannan don a gane abin da ya same ni daga baya. Yadda aka yi na zo kuwa, a bar shi, ba shi ne labarin ba.

Zangona na farko Harlem ne, layi na ɗari da sha shida, inda mutanen Senegal da na Nijar suka cika da shaguna. Wani Alhaji mai faɗin murmushi ya karɓe ni. Ya ba ni tebur a bakin titi, da huluna da lema da tabarau, ya rataya mini katin izinin talla a wuya. Na duba katin, na ga hoton wani ƙato mai sanƙo.

Na ce, "Alhaji, ai wannan ba ni ba ne."

Ya ce, "Rabu da su. Mu baƙaƙe duk kamarmu ɗaya a idonsu."

Sati uku ina talla lafiya. Ranar da 'yan sanda suka zo, wadda ta karɓi katin baƙa ce wuluk, ta fi ni. Ta dubi hoton, ta dube ni, ta shafa kanta tana nuna gashina. Aka kwashe kaya aka zuba a mota. Da na je wurin Alhaji, sai ya dube ni a gaban mutane ya ce shi bai taɓa ba ni wani kati ba, kuma in kwashe jakata daga ɗakinsa.

Ranar a wani gidan abinci na zauna, ban sayi komai ba, ɗumi kawai nake nema. Matar da ke da wurin, 'yar Senegal, ba ta jin Hausa, ni ba na jin yarenta. Ta ajiye mini shinkafa da kifi ta juya. Na ɗaga hannu ina nuna ba ni da kuɗi. Ta daka mini tsawa da yarensu ta nuna farantin. Ban san abin da ta ce ba, amma na san muryar uwa. Na ci ina sunkuyar da kai don kada a ga idona.

Zango na biyu Tremont, a Bronx. A masallaci na haɗu da Isufu, direban tasi, Bakatsinen Maraɗi. Da ya ji ni mutumin Haɗeja ne sai ya ce, "Bon, madalla, Allah ya kawo mini bawa har gida." Na ce, "Bawa ba ya kwana a titi ubangijinsa yana kan katifa." A kan wannan wasan ya ba ni gefen ɗakinsa, kuma har yau muna tare.

Ya sama mini aiki a wurin wankin mota. Shekara huɗu na yi a can. Da sanyi, ruwan yana daskarewa a kan safar hannu, yatsu su tsattsage, in na zo alwala sai na cije baki. Da zafi kuma wani abin ne yake ci mini rai. Yaran unguwa sai su buɗe famfon 'yan kwana-kwana na bakin titi, ruwa garai-garai mai sanyi ya yi ta ambaliya yana bin kwata tun hantsi har la'asar. Ranar da na fara gani tsayawa na yi ina lissafin garuwa nawa ke wucewa, har kaina ya yi ciwo. Na tuna matata Hajara tana ɗauraye kwano da ruwan da ta wanke shinkafa.

Na taɓa gwada Port Richmond, can tsallaken ruwa, wankin kwanuka a wani gidan abinci. Wata biyar, sai ɗan'uwan mai gidan ya iso daga ƙasarsu, aka ce mini an gode. Wannan zangon bai cancanci tawada fiye da haka ba.

Da takardar izinin aikina ta fito, wani kamfanin shara ya ɗauke ni, aka tura ni wata jami'a a arewacin Manhattan, hawa na biyar, inda ɗakunan gwaje-gwaje suke. Wata rana bokitin guga ya kife mini a baranda. Na ce da ƙarfi, "Kai, wannan wace irin masifa ce!"

Sai na ji an ce a bayana, "Sannu Baba. Allah ya sa iyakarta ke nan."

Na juya. Wata yarinya ce siririya da farar riga da tabarau, da ƙaramin gicciye a wuya. Sunanta Rifkatu, 'yar Biliri ce ta ƙasar Gwambe, tana karatun zama dakta, ba na asibiti ba, na ruwa. Shekarata biyar a garin nan ba wanda ya ce mini Baba sai ranar.

Ɗakinta cike yake da kwalabe na roba, kowace da lamba. Ruwan rafuka goma sha biyu ne na wani tsibiri mai suna Fotoriko, can cikin teku inda ba a sanyi. Wani tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, Don Ramon, shi ke bin rafukan yana ɗiba, ya tace, ya aiko a cikin kula da ƙanƙara. Na tambaye ta me ake nema a ruwan da ba sha za a yi ba.

Ta ce, "Baba, ruwa ba ya ƙarya. Duk inda ya bi sai ya ɗebo shaida. Tsibirin nan dutse mai aman wuta ne ya haife shi. Ga zafi ga ruwan sama, duwatsun suna saurin narkewa, rafi yana lasarsu yana tafiya da su kaɗan-kaɗan. Iska tana kwaso gishirin teku ta watsa a kan tudu. Ganye ya faɗi ya ruɓe, shi ma ya zuba nasa. Ni aikina in rarrabe: wannan na dutse ne, wannan na teku, wannan na daji."

Na ce, "Mu da harshe muke wannan. Rijiyar bakin kasuwa zartsi gare ta, ta ƙofar liman garɗi. Ba sai an kunna inji ba."

Ta yi dariya ta ce, "Naka injin ba ya rubuta lamba."

Da ta ga yadda nake goge teburinta ban taɓa kifar da komai ba, sai ta yi wa Farfesansu magana, wani dogon Bature mai tafiya kamar yana tsoron tada ƙasa daga barci. Aka ba ni rabin yini ina ɗauraye kwalabe. Ta karanta mini dokoki kamar mai karanta wa sabon musulunta farillai. Ba a sa sabulu. Ba a taɓa bakin kwalba da hannu tsirara. Ba a kusantar ruwan famfo. Ɗauraya uku da wani ruwa da inji ya tace har ya rasa ɗanɗano; na taɓa kurɓa, kamar ka sha iska.

Aka ba ni farar riga. Aka ba ni kujera. Wanda bai yi shekara huɗu a tsaye cikin ruwan ƙanƙara ba, ba zai san mene ne kujera ba. Rifkatu ta ɗauke ni hoto da rigar, na aika wa Hajara, ta sa aka wanke shi babba ta rataye a ɗaki, mutanen gida suka fara ce mini Dakta. Isufu kuwa ya sami abin yi. In na shigo sai ya miƙe ya ƙame: "Dakta Sale! Likitan gwangwani! A duba mini hawan jini mana."

Shekara guda da 'yan watanni ina cikin wannan daɗi. Sai guguwa ta afka wa tsibirin.

Muka gani a talabijin: rufin gidaje a sama kamar takarda, itatuwa tsirara ba ganye, wuta ta ɗauke, famfo ya mutu. Makonni ba labarin Don Ramon. Rifkatu ta rame. Rannan sai ga kula ta iso, da wasiƙa a manne a murfi. Yana raye. Ya ce matatun ruwansa duk sun jiƙe sun lalace, saboda haka ruwan ba a tace yake ba. Ya ce kuma don Allah a fara duba rafi na bakwai, domin shi ne ya bi ta bayan ƙauyensu, kuma tun da famfo ya mutu shi suke sha.

Kwalba shida ya aiko ta rafi na bakwai, na ranaku daban-daban. Sauran rafukan da ɗan dama, amma wannan ja ne jawur, kamar kogin garinmu a tsakiyar damina. Rifkatu ta nuna mini yadda ake tacewa: a zuƙo da sirinji, a ɗaura wata 'yar matata mai kamar kwabo a baki, a danna. Ta ce, "Baba, ina da aji har ƙarfe uku. Ka fara da na bakwai."

Na fara. Ko cokali guda bai wuce ba matatar ta toshe. Na canja, ta toshe. Na danna da babban yatsa har ya yi tsami, na danna da tafin hannu, sirinji ya kusa fashewa. Awa guda ban cika rabin kwalbar gwaji ɗaya ba, ga tarin matatu na ƙarewa, ga mutane can suna jiran amsa.

A aljihuna akwai ƙullin alif. A shagon 'yan Nijar na Harlem nake saye, saboda dasashina yana jini. Na taɓa shi, sai na ji kamar ubana ne yake magana. Kowane ɗan garuwa ya san wannan. Ruwan damina ba a kai wa mai gida shi ja. Ka sa alif, laka ta kwanta, ka kai fari. Na yi tunanin dokokin. Ta ce sabulu, ta ce hannu, ta ce famfo. Ba ta ce alif ba. Kuma a sanina alif ba datti ba ne, shi ne mai korar datti.

Na kankare shi da mabuɗi, ɗan tsunkule a kowace kwalba, duka shidan. Na girgiza na ajiye. Kafin in gama sallar azahar a lungun matakala, laka ta kwanta a gindi, ruwa ya tsaya a sama kamar hawaye. Na tace su duka cikin sauƙi, na zubar da lakar.

Da Rifkatu ta dawo ta ɗaga kwalba ta duba a haske. "Kai Baba! Hannunka akwai albarka. Yaya ka yi?"

Nan ne wurin da ya kamata in faɗa. Maganar ta zo har bakina. Sai wani abu ya ce mini, Sale, ga abu ɗaya da ka sani masu digiri ba su sani ba, in ka faɗa gobe kowa ya iya. Na ce, "Haƙuri ne kawai, 'yata."

Bayan kwana uku na shigo na same ta a gaban inji, ta dafe kai. Ta ce in zo in gani, kamar zan gane layukan.

"Rafi na bakwai ya lalace, Baba. Ruwan ya yi tsami. Ga alminiyam, ƙarfen da ake tukunya da shi, ya hau sama. Ga gishirin farar wuta. Duka kwalba shidan. Sauran rafukan lafiya lau." Ta cire tabarau. "Ka tabbata sabulu bai taɓa kwalaben nan ba?"

"Bai taɓa ba."

"Ruwan famfo fa?"

"Ko ɗigo."

Ban yi ƙarya ba, kuma a lokacin wallahi raina bai kawo komai ba. Farfesa ya zo suka yi ta Turanci. Ta fassara mini: wataƙila zaftarewar ƙasa ta buɗe wani dutse mai farar wuta a saman tudu, ko wani tsohon ramin haƙar ma'adinai, yana tsiyaya cikin rafin. Sun sami Don Ramon a waya da ƙyar, suka ce masa kowa ya daina shan rafi na bakwai har sai an sake gwaji. Sake aiko da ruwa kuwa sai hanya ta buɗe, ba wanda ya san rana.

Ina goge tebur kalmar nan tana yawo a kaina. Tsami. Tsami. Na shiga bayi na rufe, na ciro ƙullin na lasa. Tsami da bauri suka kama mini harshe. Ai na sani tun ina yaro: in hannu ya yi nauyi da alif, mai gida zai ce ruwanka ya yi tsami. Na zauna a kan murfin masai da farar rigata.

Ran Juma'a bayan an sauko, na ja Isufu gefe muna cin tuwo a gidan abincin 'yan Gana, na gaya masa. Ya ajiye loma.

"Kai, Bahaɗeje dai Bahaɗeje ne ko an sa mai rigar likita. Mi ya kai ka?"

"An riga an yi. Yanzu me zan yi?"

"Ka kama bakinka, shi za ka yi. Wa ya gan ka? Ina hwaɗa maka, a ƙasar ga wanda ya ce ni ne, shi a ka kamawa. Patron, wato Farfesanku, ya kore ka, kamfani ya kore ka, ka koma wankin mota da wagga gwiwa taka. In sun sake gwaji za su ga ruwa lahiya lau, su ce dutsen ya rufe. Shi ke nan."

"Mutanen fa?"

"Amurka ce, Sale. Za a kai musu ruwan gora da jirgin sama."

Na so maganarsa, shi ya sa na yarda da ita. Kwana takwas na yi shiru. Ina zuwa aiki, ina ɗauraya uku-uku, ina amsa "Baba". Ina kallo Rifkatu ta rubuta takarda zuwa ga hukumar lafiya ta can da sunanta a ƙasa. Ina kallo ta daina cin abincin rana. Har ƙosai na saya mata a Bronx don in ji sauƙi a raina, ta ce Allah ya saka da alheri, na ji kamar ta mare ni.

Rana ta takwas da hantsi wayarta ta yi ƙara, irin kiran da ake ganin fuska. Don Ramon ne, ya hau wani tudu ya sami sabis. Tsoho ne mai farin gashin baki da hular kaba. Rifkatu ta ce in matso mu gaisa, ta gaya masa ni ne mai wanke masa kwalabe. Ya ɗaga mini hannu yana murmushi. Sannan ya juya wayar don ta ga yadda suke ciki.

Ba jirgin sama, ba ruwan gora. Wata siririyar hanya ce mai santsi ta gangaro daga tudu, mutane a jere da bokitai da jarkoki. Ya ce wani marmaro suka samo a bayan dutse, tafiyar awa guda, dawowa ta fi. A gabansu akwai wata tsohuwa, matarsa, ta gicciya sandar tsintsiya a wuya da bokiti biyu. Ta zo kusa ta sauke, ta ja wuyan rigarta tana dariya tana nuna mana. Fatar ta saɓule, jan nama a fili. A kan ƙashi take ɗora sandar. Duk wanda bai iya ba haka yake yi.

Kuma a bayanta, ƙasa kaɗan, ga rafi na bakwai yana wucewa abinsa, har ya fara washewa. Jifa ɗaya daga ƙofar gidansu.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Ki ce mata ta naɗe tsumma a sandar. Ta mayar da ita baya, kan tsoka, ba kan ƙashi ba. Ta rage tsawon igiya, bokitin ya daina lilo."

Rifkatu ta faɗa musu. Tsohuwar ta gyara, ta ɗaga, ta yi taku biyu, ta juyo ta aiko mini da sumba a tafin hannu. Sabis ya yanke.

Ni da na yi rabin rayuwata ina kai wa mutane ruwa ƙofar gida, ni ne na ɗauke rafi daga ƙofar wannan tsohuwa. Ubana yakan ce duk zunubin da ɗan garuwa zai yi, kada ya yarda a kwana da ƙishirwa ta dalilinsa.

Na ciro ƙullin na ajiye a kan teburin.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Alif ne. Na sa a kwalabe shidan don laka ta kwanta."

Ta dubi ƙullin. Ita ma 'yar gida ce, ta san shi, na tabbata akwai shi a randar uwarta. Na ga lissafin yana haɗuwa a fuskarta. Ta ɗebo ruwan nan marar ɗanɗano a kwalba, ta miƙo mini, ta ce, "Sa yadda ka sa." Na kankara da mabuɗin. Ta kai inji. Muka tsaya ba mai kallon wani. Da layukan suka fito, ko ni na ga irin na ranar ne.

Ta juyo. Muryarta ba ta tashi ba, da ta tashi da na fi jin daɗi.

"Yaushe ka gane?"

"Ranar da kika ce tsami."

"Kwana nawa ke nan?"

"Takwas."

"Takwas." Ta gyaɗa kai. "Alif ɗin laifina ne, Baba. Ni ce ban ce maka kada a sa komai ko da zamzam ne ba, kuma ni ce ban tsananta tambaya ba. Amma kwana takwas ɗin nan naka ne kai kaɗai. Kana kawo mini ƙosai!"

Na ce, "'Yata..."

"Kada ka ce mini 'yarka yau."

Ta tafi ofishin Farfesa, na bi ta, domin ba na so a faɗi laifina ba na wurin. Baturen ya saurara, ya juya ƙullin a hannunsa, har ya sansana. Ya ce ya gode da na faɗi gaskiya. Su mutanen nan in za su yanka ka, da godiya suke farawa. Washegari katina na shiga ginin bai buɗe ƙofa ba. Kamfanin shara ma suka ce jami'ar ba ta son ganina a ginin, kuma ba su da wani gurbi. Farar rigar a kan ƙugiya na bar ta.

Isufu bai ce "na hwaɗa maka" ba sai sau uku kawai, wanda a wurin Bakatsine tausayi ne. Shi ya kai ni wurin wankin motar a tasinsa, ya roƙar mini mai wurin.

Ban sake jin ɗuriyar Rifkatu ba duk tsawon sanyin nan. Na kira sau biyu ba ta ɗauka ba, na bari. Sai da ganye ya fara tohowa, wata Asabar ina goge gilashin wata mota, na ga mutum a tsaye a bakin layi ba mota. Ta sa hannu a aljihun kwat.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Motarki fa?"

"Wanda aka ƙara wa zangon karatu guda ina ya ga mota?"

Ta gaya mini sauran a tsaye. Ta janye takardarta daga hukumar, ta rubuta wata ta ban haƙuri. Ba su yarda su ce wa mutane su koma rafin ba sai da sabon ruwa ya iso aka gwada, wannan ya ci wasu makonni biyu. Rafi na bakwai ba abin da ya same shi sai laka da ƙwayoyin cuta irin na kowane rafi, a tafasa a sha. Kusan wata guda ke nan tsofaffi suna hawan dutse a kan tsunkule shida na hannuna.

Sannan ta ciro ɗan littafi da biro, ba ta dube ni ba.

"Har yanzu famfonsu bai dawo ba. Duk ruwan sama rafin sai ya koma ja, tsumma ba ya tace shi. Don Ramon ya samo alif a kantin magani. Na aika masa da ma'auni, ya ce shi ba shi da sikeli, bokiti gare shi. Yaya ake yi?"

Na ajiye tsumman gilashi. Na ce, "Kada ya daka. Ya riƙe ƙullin a hannu, ya tsoma, ya juya ruwan da shi zagaye bakwai in bokitin babba ne, ya cire. Ya bar shi kamar tsawon cin abinci. Ya tsiyaye na sama a hankali, kada ya tada na ƙasa. Ya ɗanɗana. In ya ji bauri a gefen harshe, hannunsa ya yi nauyi, gobe ya yi zagaye biyar. Kuma ya tafasa. Alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe ciwon ciki."

Ta rubuta duka. Ta rufe littafin.

Na ce, "Kafaɗar tsohuwar fa?"

"Ta warke. Kullum sai ta ce a gaida mai tsumma. Ba ta san kai ka ɗora mata sandar ba."

"Ki gaya mata."

"Na gaya wa mijinta. Ya ce ba zai faɗa mata ba sai famfo ya dawo, don kada ta ƙi shan ruwan alif saboda haushinka."

Ta ɗan yi murmushi, rabi, ba irin na da ba. Mai wurin ya fara ƙwala mini kira, motoci sun taru. Ta ce sai an jima, ta nufi tashar jirgin ƙasa. Ba ta ce in dawo ba, ni ma ban tambaya ba.

Ina nan a wankin mota. Gwiwa tana nan. Mutanen gida har yau Dakta suke ce mini a waya, ni kuma ina cewa da godiya.

Hajara, na san ƙaninki zai karanta miki wannan. Kwana takwas na yi wa waccan yarinya shiru, ke kuwa ya fi shekara. Ki sauke hoton nan daga bango. In bangon ya yi miki fili, zan aiko da wani, da takalmin roba da tiyo a hannu. Ba shi da kyau kamar wancan, amma wanda ke cikinsa mijinki ne.